Waɗanda ke sauraron kaset-kaset ɗin wasannin Grateful Dead: me ya riƙe ku?

Mai buɗe zance, Kaduna

Assalamu alaikum. Ina so in ji daga bakin waɗanda suka daɗe suna sauraron Grateful Dead, ƙungiyar makaɗan nan ta Amurka da aka kafa a jihar Kaliforniya a 1965, wadda ta watse a 1995 bayan mutuwar jagoran jitarta, Jerry Garcia. A cikin shekaru talatin ɗin nan sun yi wasa a gaban jama'a fiye da sau 2,300, kuma mafi yawan wasannin an naɗe su. Ni dai faya-fayensu na situdiyo ba su taɓa kama ni ba, amma da na fara jin wasanninsu na dandamali daga farko har ƙarshe sai na kasa dainawa. Yaya kuka fara, kuma wane dare ne kuka fi komawa gare shi?

Tsohon ɗalibi, Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi karatu a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, kuma Allah ya sa na halarci wasansu da idona. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wani sashe da aka ware a bayan teburin masu haɗa sauti, inda mutane suka kakkafa dogayen sanduna da makirufo a kansu, kowa ya duƙa a kan rakodarsa bai ce uffan ba. Abokin da ya kai ni ya ce tun 1984 ƙungiyar ta ware wa masu naɗa wannan wuri a hukumance, alhali a wasannin sauran mawaƙa a lokacin ƙwace rakoda ake yi a bakin ƙofa. Sharaɗi ɗaya ne kawai: kada a sayar. Musaya ake yi, ko kuma ka aika wa mutum kaset marar komai da kuɗin gidan waya, shi kuma ya kwafa ya mayar maka. Ta wannan hanya na tara nawa, kuma a jikin kowanne babu abin da aka rubuta sai kwanan wata da sunan gari, domin masoyansu da haka suke kiran wasa.

Dalilin da ya sa mutum zai tara kaset ɗari na ƙungiya ɗaya kuwa, duk wanda ya tashi yana jin marigayi Mamman Shata ba zai sha wahalar ganewa ba. Waƙar da Shata ya yi a wannan biki, in ya sake ta a wani taron ba za ta fito iri ɗaya ba, domin a nan take yake sarrafa ta gwargwadon wurin da mutanen da ke gabansa. Su ma ba sa maimaita jerin waƙoƙin jiya a yau, kuma waƙarsu "Dark Star", wadda ba ta kai minti uku ba a faifan da suka fitar a 1968, a dandamali takan wuce minti ashirin, wani lokaci ma talatin.

Mai haɗa sauti, Kano

Ranka ya daɗe, ka taɓo inda sana'ata take. Ni ta fuskar aiki na shige su, domin ina neman sanin yadda ake cika fili da sauti ba tare da ya dagule ba. A 1974 suka yi yawo da wani tsari da suka kira Katangar Sauti, wanda Owsley Stanley ya jagoranci ƙirƙirarsa: lasifika wajen ɗari shida da aka jera a bayan makaɗan, kowane kayan kiɗa da nasa rukunin, ta yadda abin da makaɗi ke ji shi ne abin da jama'a ke ji. Tun da lasifikun na bayan mawaƙa, sai suka haɗa makirufo bibbiyu, mawaƙi ya yi waƙa a ɗaya, ɗayan kuma ya soke ƙarar da ke fitowa daga baya don kada a samu kuwwa. Wannan dabara ce ta sa muryoyi ke fitowa siriri a naɗe-naɗen shekarar, amma ku saurari jitar bes ta Phil Lesh a cikinsu, za ku ji kowace tsirkiya daban. Tsadar ɗaukar kayan daga gari zuwa gari ta sa ba su wuce wannan shekara da tsarin ba.

Wanda nake komawa gare shi kullum shi ne wasan Jami'ar Cornell na 8 ga Mayu 1977, wanda mai naɗa musu sauti, Betty Cantor-Jackson, ta naɗa. Matar nan ta san aikinta. Ba ta bari ganga ta danne jita ba, ba ta bari fiyano ta ɓace ba, kuma a 2012 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanar da shigar da wannan naɗin cikin kundin sautukan da ƙasar ke adanawa. A ganina, wanda aka ɗauko kai tsaye daga teburin haɗa sauti ya fi na cikin jama'a nesa ba kusa ba.

Malamar makaranta, Zinder

Malam mai haɗa sauti, a nan kam ban bi ka ba. Na tebur yana da tsabta, gaskiya ne, amma babu mutane a cikinsa. A naɗin cikin jama'a ne kake jin yadda ɗaki ke ɗaukar numfashi idan kiɗa ya yi ƙasa-ƙasa har ya kusa tsayawa, sannan ka ji ihun dubban mutane a daidai lokacin da suka gane waƙar da ake shirin shiga tun kafin a furta kalma ɗaya. Makaɗan suna jin wannan ihu, kuma yana canza abin da hannunsu zai yi a gaba, saboda haka cire shi cire rabin abin da ya faru ne.

Ina so kuma in faɗa wa mai buɗe zance cewa ba kowane dare ne mai kyau ba. Akwai inda muryoyinsu ke kaucewa, akwai inda Garcia ke manta baiti, kuma a wasu wasannin shekarunsa na ƙarshe ana jin yadda rashin lafiya da miyagun ƙwayoyi suka ci ƙarfinsa, abin da ke sa ni baƙin ciki har yau. Sai dai saboda suna iya faɗuwa ne nake zama in saurara da zuciya ɗaya. Idan mutum shida suka bar waƙar da suka sani suka shiga inda babu wanda ya san mafita, kowa na sauraron ɗan'uwansa, sannan bayan minti goma suka haɗu wuri ɗaya kamar da shiri, wannan ba abu ne da za a iya sake ginawa a situdiyo ba.

Ɗan kasuwa, Wad Madani

Gaisuwa ga dattawa da Malama. Ni hanyar da ta kawo ni daban ce. A nan Sudan mun san Hamza El Din, makaɗin nan Banube mai kaɗa ud, wato garayar Larabawa, kuma wajen neman kaɗe-kaɗensa na tarar da cewa ya hau dandamali ɗaya da su a Masar, lokacin da suka yi dare uku a gindin dalar Giza daga 14 zuwa 16 ga Satumba 1978, daren ƙarshe ma ya zo daidai da husufin wata. Masoyansu da yawa ba sa lissafa waɗannan darare cikin mafi kyawu ta fuskar kiɗa. Amma wurin da Hamza ya fara da bandirinsa, mawaƙan Nuba na tafi suna amshi, sannan makaɗin gangarsu Mickey Hart da sauran suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun ture kiɗan da suka tarar ba, shi ya sa na girmama su. Sun shigo a matsayin baƙi, sun bi mai gida. Daga baya na ji cewa Hart ya daɗe yana aiki da makaɗin ganga Babatunde Olatunji na Najeriya, sai na gane dalilin da ya sa sashen ganguna na zagaye na biyu na wasanninsu, wanda mutane da yawa ke tsallakewa, shi ne nake jira.

Ɗalibar jami'a, Sakkwato

Ni ban taɓa riƙe kaset ɗinsu ba, Baba na Zariya, a waya nake ji. Dubban wasanninsu suna ajiye kyauta a shafin adana bayanai na Internet Archive, kuma tun 2005 na cikin jama'a ne kawai ake iya saukewa, na tebur sai dai a saurara a kan intanet, don haka saboda tsadar data na tsinci kaina a ɓangaren Malama ba da niyya ba. Na fara da wasan Veneta a jihar Oregon na 27 ga Agusta 1972, wanda aka yi a fili cikin tsananin zafin rana har ana ta sanarwar neman ruwa daga kan dandamali. Shawarata ga mai buɗe zance ita ce ya zaɓi shekara ɗaya, ko 1972 ko 1977, ya bi wasanninta a jere, domin ta haka zai ji yadda waƙa ɗaya ke sauyawa daga wannan mako zuwa wancan. Malam na Kano kuma, in akwai naɗin cikin jama'a na 1974 da ka yarda da ingancinsa, don Allah ka faɗa mini kwanan watansa, ina son jin yadda Katangar nan ta kasance a kunnen wanda ke tsaye a tsakiyar fili.