Danna mahaɗi da JavaScript: a wurina yana buɗewa, a wayoyin mutane ya ƙi

Ɗan_Kod: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shafi mai maɓallin "Sauke rahoto". Idan an danna, kod ɗin yana roƙon saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) ta haɗa PDF, abin da kan ɗauki daƙiƙa takwas zuwa goma. Da ya dawo sai in ƙirƙiri mahaɗi `<a>` mai `target="_blank"` (don ya buɗe a sabuwar taga) in kira `click()` a kansa. JavaScript ne zalla, babu jQuery (tarin kod da ke sauƙaƙa rubuta JavaScript). A kwamfutata, inda sabar gwaji take, nan take yake buɗewa. A wayoyin mutane shiru. Mai aikin yana jira jibi. In ci gaba da dannawa ta kod, ko in sa maɓalli na biyu mutum ya danna da hannunsa?

Sani_Web: Wa alaikumus salam. Ai sananniyar matsala ce. `trigger('click')` na jQuery ba ya bin mahaɗi, da gangan suka yi shi haka. Rubuta `$('#mahadi')[0].click()` ka huta.

Ɗan_Kod: Na gode Malam Sani, amma na ce ba na amfani da jQuery.

Abu_Hanifa92: Me ya kai ka dannawa ma? `window.location.href` ya wadatar.

Sani_Web: Wannan zai fitar da mutum daga shafin, kuma duk kod ɗin da ke sauraron dannawa a kan mahaɗin ba zai tashi ba.

Tsohon_Hannu: Ni da na ji ana maganar dannawa ta kod sai gabana ya faɗi. Shekarun baya an ba ni aikin sauke takardu fiye da ɗari biyu daga shafin gudanarwa na wani wuri da nake aiki. Ragwanci ya sa na buɗe na'urar gwaji ta burauza, na tattaro duk `<a>` da ke cikin teburin da `querySelectorAll`, na sa kowanne ya danna kansa. Abin da ban lura ba, kowane layi yana da mahaɗi biyu, "Sauke" da "Goge". Wanda ya gina shafin ya yi gogewar da mahaɗi tsurarsa, babu ko tambayar "ka tabbata?". Ina kallo layuka suna ɓacewa kamar ana shara. Kafin in rufe shafin aikin gama ya gama. Ajiyar da muke da ita ta mako uku baya ce. Kwana huɗu ina shigar da bayanai da hannu, oga bai ƙara amsa gaisuwata da fara'a ba har na bar wurin.

Zee_Dev: Innalillahi. Amma Yaya, laifin rabi da rabi ne. Mahaɗi GET yake aikawa, wato roƙon saba ta kawo bayani kawai, kuma GET ba a yi shi don canza komai ba. Gogewa ta POST ko DELETE ake yi.

Tsohon_Hannu: Ƙanwata, je ki gaya wa oga haka.

Abu_Hanifa92: Garin neman gira an rasa ido 😂 Yaya ka sauke takardun dai, har daga duniya ka sauke su.

Ɗan_Kod: Allah ya kiyaye gaba Yaya. Amma don Allah tambayata fa?

Zee_Dev: Yi haƙuri Malam. Matsalarka lokaci ne. Burauza ba ta barin kod ya buɗe sabuwar taga sai in ɗan Adam ya taɓa shafin yanzu-yanzu. A Chrome wannan izinin kusan daƙiƙa biyar ne. A kwamfutarka saba tana kusa, amsa na zuwa kafin izinin ya ƙare. A waya daƙiƙa goma sun wuce, sai mai toshe tagogin talla ya kama shi. Kuma `click()` naka ba ya sabunta izinin, domin `isTrusted` ɗinsa `false` ne, wato burauza ta san kod ne ya danna, ba mutum ba. Ko ka koma `dispatchEvent` da `MouseEvent`, duk kanwar ja ce.

Sani_Web: Biyar ina? Ni daƙiƙa ɗaya na sani.

Abu_Hanifa92: Ni nawa ya jira rabin minti kuma ya buɗe lafiya lau.

Zee_Dev: Duba saitinka, wataƙila ka taɓa ba shafin izinin buɗe tagogi.

Sani_Web: Malama, tun lokacin da Firefox ba ya ma yarda a danna mahaɗin da ba a liƙa a shafi ba nake wannan aikin.

Zee_Dev: An gyara wannan tun Firefox 75, a 2020. Daɗewa a aiki daban, karanta tambaya daban, Malam Sani.

Tsohon_Hannu: Ku bar musu. Ɗan_Kod, in za ka ji tawa, bar mutum ya danna da yatsansa.

Zee_Dev: Ko ka cire `_blank` ɗin, ka karɓi fayil ɗin ka yi masa adireshin `blob:` da `URL.createObjectURL`, ka sa `download` a mahaɗin. Ka tuna `download` ba ya aiki a kan adireshin wani shafi daban, sai naka ko `blob:` ko `data:`. Ka gwada a iPhone kafin ka miƙa.

Abu_Hanifa92: Duk wannan takurar masu shafukan sauke fim ne suka ja mana. Ka danna "Sauke" sau ɗaya, tagogi uku na caca su buɗe, fayil ɗin kuwa ko ƙyallinsa.

Tsohon_Hannu: Wasu ma shimfiɗa mahaɗi marar launi suke a kan shafin gaba ɗaya, duk inda ka taɓa talla ce. Kuma burauza ba ta hanawa, tunda da yatsanka ka taɓa.

Sani_Web: Maɓallan kore huɗu, kowanne an rubuta "Sauke". Jiya sai a na uku na dace.

Ɗan_Kod: To ni yanzu `blob` ɗin zan bi ko maɓalli na biyu?

Abu_Hanifa92: Malam Sani, wane mai toshe talla kake amfani da shi a waya? Nawa ya daina kama su.