Wai kash bak kuɗin banza ne? Ɗalibanmu na Amurka sun kasa daidaitawa

Ɗan Ohio: Salam jama'a. Ni fa maganata ɗaya ce, duk ɗalibin da yake Amurka yana sayayya da katin asusunsa asara yake yi. Ka karɓi katin bashi mai kash bak, wato wanda banki ke mayar maka da wani kaso na kuɗin da ka kashe, ka ɗauki wanda kasonsa ya fi yawa shikenan. Katin Discover it na ɗalibai kashi 5 suke mayar maka a wasu kaya da ake canzawa duk wata uku, sauran kashi 1, ƙarshen shekarar farko kuma su ninka maka abin da ka tara. Ba kuɗin shekara. Kuɗin banza ne wlh.

Anti Houston: Ƙanina yaushe banki ya fara rabon kuɗin banza? Duk sanda ka goga katin nan mai shago ne yake biyansu kusan kashi 2 zuwa 3, a ciki suke gutsuro maka. Babbar ribarsu kuma tana wajen waɗanda ba sa biya duka a ƙarshen wata. Yi lissafi mana, ɗalibi mai kashe dala 400 a wata da katin kashi 1.5 dala 6 zai samu, shekara dala 72. Amma ka bar bashin dala 1000 a katin da ruwansa kashi 24 ne a shekara, dala 20 za su ɗora maka a wata ɗaya, ta cinye kash bak ɗin wata uku har da ɗoriya.

Ɗan Ohio: Ai Anti ni ban ce a bar bashi ba. Ka saita wayarka ta riƙa biya da kanta, duka ba mafi ƙaranci ba, ko sisi ba za su caje ka ba, doka ma ta ce sai an ba ka aƙalla kwana 21 kafin ranar biya

Bazazzagiya: Kowa haka yake faɗa a farkon zango 😂 sai kwamfutarka ta mutu ana sati biyu jarabawa ko kuɗin gida su makale a hanya. Kuma kashi 5 ɗin nan da kake ta tallatawa sai ka shiga ka kunna shi da kanka duk wata uku, iyakarsa sayayyar dala 1,500, sannan wani zangon a ce gidan mai ne, ni da ko keke ba ni da shi man me zan saya? Ni katin Quicksilver na bankin Capital One nake riƙe da shi, kashi 1.5 a komai, ba sai na tuna komai ba.

Baban Amira: Katinsu Savor na ɗalibai ya fi shi in dai abinci ne yake cin kuɗinki, kashi 3 a gidan abinci da kantin cefane. Matsalar dai ba sa lissafa Walmart da Target a cefane, mu kuwa can ne kasuwarmu.

Malam Minnesota: Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Kuna ta maganar kaso babu wanda ya taɓo riba. Takardar da kake sa wa hannu a ciki an rubuta in ka jinkirta za ka biya ruwa, ka amince da sharaɗin kenan tun daga farko. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi OIC a zamanta na shekarar 2000 ta ce irin wannan kati bai halatta ba ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwa ya hau.

Anti Houston: Allah gafarta Malam gaskiya ne, amma akwai malaman nan da suka sassauta saboda larura in mutum ya tabbata zai biya a kan lokaci. Ƙasar nan in ba ka da tarihin kiredit, wato tarihin cin bashi da biyansa, mai gida ma sai ya nemi ƙarin ajiya ko wanda zai tsaya maka kafin ya ba ka haya. Makin FICO da ake auna tarihin da shi daga 300 zuwa 850 ne, kashi 35 ɗinsa biya a kan lokaci ne. Ni wannan ne dalilin karɓar kati a wajena, ba ƴan dalolin kash bak ba.

Malam Minnesota: To kin ga kin taimake ni. In larura ce sai a tsaya iya larurar, kati ɗaya ka biya kuɗin waya da shi ka ajiye. Amma farautar kashi 5 ai ba larura ba ce Ɗan Ohio, kwaɗayi ne.

Ɗan Ohio: Haba Malam 😅 kuɗin da suka ba ni kyauta a kan abin da dama zan saya?

Bazazzagiya: “Dama zan saya” ɗin nan ita ce ba gaskiya ba, mutum na ganin kashi 5 a Amazon sai ya tuna yana buƙatar jaket na uku

Sabon Zuwa: Yayyena ni ban ma kai nan ba, watan jiya na sauka, na cike neman kati a intanet suka ƙi ni

Baban Amira: Kana da SSN, lambar shaida ta gwamnatin Amurka? Mai bizar ɗalibai ta F-1 ba ya samu sai ya samu aiki, ko na cikin makaranta ne, awa 20 a sati iyaka lokacin karatu. Kuma in ba ka kai shekara 21 ba dokar katin bashi ta 2009 ta ce sai ka nuna kana da kuɗin shiga naka ko wani babba ya sa maka hannu. Kar ka yi ta cikewa barkatai, kowace nema tana fitowa a tarihinka. Nemi katin da ake ajiye jingina, ka ba su kamar dala 200 su ba ka kati na dala 200, bayan wasu watanni a duba a mayar maka. Abu biyu kuma kar ka kuskura, cire tsabar kuɗi da shi a ATM don ruwa daga ranar yake fara hawa ga caji a kai, da biyan kuɗin makaranta da shi, yawancin makarantu suna ƙara kusan kashi 3, ka biya 3 don ka samu 1.

Ɗan Ohio: Na yarda da wannan. Amma har yanzu ba wanda ya nuna min asarar da na yi ni da nake biya duka

Anti Houston: Ba ka yi ba tukuna. Jinkirin kwana 30 sau ɗaya shekara 7 yake zama a tarihin mutum, kai kuma kana gaya wa yara sababbin zuwa kuɗin banza ne.

Sabon Zuwa: Malam shi mai jinginar fa, tunda kuɗina ne a wajensu shi ma hukuncin ɗaya ne?

Malam Minnesota: Shi ma in ka jinkirta ruwa suke ɗorawa. Turo min takardar sharuɗɗan in karanta bayan Isha.