Fim ɗin binciken kisa mai tafiyar hawainiya: haƙuri ne ya yi mana ƙaranci?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Daren jiya muka kalli wani fim na sa'a biyu da rabi, inda ɗan sanda yake bin sawun mai kisa, amma babu harbi ko tseren mota, sai doguwar tuhuma a ɗaki ɗaya da shiru mai nauyi. Abokaina uku sun tashi tun kafin a kai rabi, ni kuwa na kasa ƙyafta ido. Shin laifin fim ɗin ne ko namu?

Malama daga Gwale:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, irin wannan fim ba ya tambayar wanda ya yi kisan, domin sau da yawa an nuna shi tun farko. Abin da yake bi shi ne yadda laifi ke cin zuciyar mai shi har ya tona kansa. Wannan kuwa ba ya yiwuwa da gaggawa. Ni shirun nan ya fi razana ni fiye da ganin jini.

Mazaunin Zoo Road:
Malama, a gafarce ni, ban yarda gaba ɗaya ba. Akwai jinkirin da ke tara fargaba, akwai kuma wanda darakta ke fakewa da shi saboda labarinsa bai cika ba. Mun saba da fassarar fina-finan Indiya da shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango a YouTube, don haka tsawo ba ya korar mu.

Ɗan Fagge:
Gaskiya ne, Yaya. Amma a waya abokaina suka ƙarasa shi, suna tsallakewa.