Neman shawara: yaya zan tsara fitilun tsakar gida kafin a shimfiɗa intalok?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wuta, da waɗanda suka riga suka yi irin wannan aiki a gidajensu. Gininmu ya zo ƙarshe, an gama filasta, abin da ya rage a waje shi ne shimfiɗa intalok da saka fitilu. Daga get zuwa ƙofar falo tafiyar kamar mita 15 ce, kuma akwai matakala uku kafin a hau baranda. Hannun dama wurin ajiye mota ne. Hannun hagu akwai bishiya ɗaya da muka bari, a ƙarƙashinta nake so mu riƙa zama da dare. Bayan gida kuma siririn lungu ne, can tankin ruwa da janareta suke.

Maigida yana ganin a kafa manyan fitilu biyu masu wat 100 a saman gini, ɗaya gaba ɗaya baya, shi ke nan a huta. Ni hankalina bai kwanta da hakan ba. Na zauna a gidajen da aka yi haka, hasken dukan ido yake yi, ƙwari kuma ba sa barin mutum ya sake. Ga shi tare da surukata za mu zauna, idonta ya yi rauni, matakalar nan tana damuna ƙwarai. Don Allah fitila nawa muke buƙata, a ina da ina, kuma ta sola ko ta wutar gida?

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar fitila, ki roƙi maigida a dakatar da mai intalok tukuna. Duk inda kuke tunanin wata rana za a so haske ko soket, a binne bututun waya yanzu, ko da ba za a zura masa waya ba sai baɗi. Gindin bishiyar nan, bakin get, gefen hanya, wurin mota. A bar igiya a cikin kowane bututu don jan waya daga baya, a toshe bakinsa kada ƙasa ta shiga, sannan ku ɗauki hoton inda ya bi kafin a rufe. Idan aka riga aka shimfiɗa, sai dai a fasa ko a bi da waya a fili jikin katanga, duka biyun ba su da kyau.

Na biyu, ku fita wurin da dare, ke da maigida, da tocila mai ƙarfi. Ku bi hanyar da mutum zai bi daga get har falo, ku zauna inda za ku riƙa zama. Ɗaya ya riƙe tocilar a wurare daban-daban, sama, ƙasa, gefe, ɗaya ya faɗi inda ya fi ganin ƙasa ba tare da an haske masa ido ba. Ku sa alama da alli. Wannan gwajin ya fi duk zanen da zan yi miki daga nan.

Na uku, kada a haɗa fitilun waje duka a makunni ɗaya. Hanya da matakala nasu daban, wurin zama daban, fitilun tsaro daban. Kuma makunnin ya kasance a cikin gida kusa da ƙofa, yadda za a kunna kafin a taka waje.

Injiniya:
Ƙanwata, gaskiyarki a kan manyan fitilun nan, kuma ga dalilin da za ki gaya wa maigida. Ido yana daidaita kansa ne da abin da ya fi haske a gabansa. Idan akwai fitila mai tsananin haske tana kallon mutum, ƙwayar idon sai ta tsuke, duk wurin da hasken bai kai ba ya ƙara duhu fiye da yadda yake a da. Bayan mota, gindin bishiya, kusurwar katanga, duk su koma baƙi ƙirin. Haske daga wuri ɗaya tak kuma inuwarsa mai kauri ce, har inuwar mutum kansa takan faɗa kan matakalar da zai taka. Ƙananan fitilu da yawa, kowace tana kallon ƙasa, sun fi babba ɗaya amfani nesa ba kusa ba.

Idan za ku saya, ku daina duba wat kawai. Wat yawan wutar da ƙwai yake ci ne, lumen shi ne yawan hasken da yake bayarwa. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da kusan lumen 800, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Ki kwatanta da wannan ki ga abin da wat 100 na LED zai zuba a tsakar gida ɗaya. Fitilar gefen hanya lumen 100 zuwa 200 ya ishe ta. Ta jikin bangon baranda, 400 zuwa 800. Ko ta tsaro a gida irin naku ba ta buƙatar wuce wat 20 zuwa 30.

Sai launin haske, wanda ake rubutawa da lamba da harafin K a jikin kwali. 2700K zuwa 3000K shi ne mai ɗan ruwan ɗorawa, mai sanyi a ido. 6500K shi ne fari fat mai shuɗi-shuɗi. Wurin zama da baranda ki tsaya a 2700K ko 3000K. Kuma ki yi ƙoƙari duk fitilun da ake gani daga wuri ɗaya su zama launi ɗaya, don cakuɗa fari da rawaya yana ɓata kyan gida ko da an kashe masa kuɗi.

Baban Yara:
Injiniya, ina girmama iliminka amma a nan ban bi ka ba. Fitilar waje aikinta na farko tsaro ne. Ɓarawo ba ya son haske. Ni gidana fari fat nake bari har asuba, kuma ba na jin zan canza don a ji daɗin hira. Hajiya, ki bar maigida ya sa abinsa, idan ya so ki ƙara naki ƙanana a wurin zama.

Injiniya:
Yaya, ai ban ce a bar gida a duhu ba. Abin da na ce shi ne haske ya bazu ko'ina daidai, kada ya taru wuri ɗaya ya bar maɓoya a gefe. Kuma fitilar da take kunne dare duka ba ta gaya wa kowa komai. Wadda take kama da kanta idan ta ji motsi ita ce take firgita mai tsallako katanga, ta kuma sanar da na cikin gida cewa wani abu ya gitta. Shawarata ga lungun baya da wurin mota ke nan: ƙaramar fitila mai kwana kunne, da babba mai jin motsi a kusa da ita.

Mai jin motsin nan zafin jiki take ganewa idan ya gitta ta gabanta, shi ya sa ta fi kama mai wucewa ta gefe fiye da mai tunkaro ta kai tsaye. A kafa ta sama da mita 2 kaɗan, a karkata ta yadda za ta yanke hanyar da mutum zai bi. Kada a fuskantar da ita ga salansar janareta ko inda na'urar sanyaya ɗaki take fitar da iska mai zafi, in ba haka ba kamawa da mutuwa za ta yi ta yi. Idan kuma akwai kyamara, fitila ta kasance a gefenta ko samanta tana haska abin da kyamarar take kallo. Idan ta haska cikin idon kyamarar, hoton fari kawai za a samu.

Baban Yara:
To, maganar kyamarar na yarda. Amma bakin get dai a bar ta kunne, a ga fuskar mai ƙwanƙwasawa kafin a buɗe.

Mai Wayarin:
Wannan haka yake, Alhaji. Ta bakin get a haɗa ta da 'yar na'urar nan da take kunna fitila da kanta idan duhu ya yi, ta kashe idan gari ya waye. Ƙwai mai wat 10 na awa 12 kullum, a wata yunit 3.6 ne kacal. Mai wat 100 kuwa yunit 36 ne, biyu 72. Idan akwai inbata a gidan, wannan bambancin shi ne zai sa batir ya kai asuba ko ya mutu tsakar dare.

Kaka:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tuna da surukarki. Ni da nake cikin shekarun zan gaya miki abin da yake damun mu. Ba duhu kaɗai ba ne. Fitowa daga falo mai haske zuwa waje, idon tsoho yana daɗewa kafin ya washe, a wannan ɗan tsakanin ake faɗuwa. Haske mai dukan fuska kuma ya fi cutar da mu fiye da ku, musamman mai yanar ido, sai komai ya zama hazo. Abin da muke so mu ga bakin kowace matakala, inda ta ƙare da inda ta gaba ta fara. A sa ƙananan fitilu a jikin bangon gefe, ƙasa-ƙasa wajen gwiwa, suna haska inda ƙafa za ta sauka. Idan tayil ɗin launi ɗaya ne, a sa wa bakin kowace matakala layi mai wani launi. A sa ƙarfen dafawa. Kuma waɗannan fitilun su zama cikin waɗanda ba sa mutuwa idan an ɗauke wuta.

Maman Ɗalibai:
Maganar ƙwari zan taɓa. Sun fi zuwa wa farin haske mai shuɗi-shuɗi, mai ruwan ɗorawa bai cika jan su ba, to shawarar Injiniya ta 2700K ta yi maganin rabin matsalar. Sauran rabin kuma wurin da aka sa fitilar ne. Kada ta kasance daidai saman kan masu zama, ko daidai saman ƙofar falo, don duk buɗewa sai sun shiga. A matsar da ita gefe da mita biyu ko uku, hasken ya iso inda ake so, su kuma su taru can. Amma kada ki sa rai canza ƙwai zai kori sauro. Shi numfashin mutum da ɗumin jikinsa yake bi. Fanka a baranda ta fi yi masa magani, don ba ya iya tashi sosai cikin iska.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kaka, in sha Allahu za a sa ƙarfen. Na nuna wa maigida lissafin yunit ɗin nan, ya ce a ci gaba da tambaya. Saura maganar sola, har yanzu ba wanda ya taɓa ta. Kuma gindin bishiyar nan ruwa yana ɗan kwanciya idan an yi ruwan sama, ina tsoron waya a wurin saboda yara.

Mai Sola:
Hajiya, ta sola tana da wurinta. Bakin get, saman katanga, lungun da jan waya zai yi wuya, duk ta dace. Sharaɗinta farantin ya sami rana kai tsaye na awoyi masu yawa. Ƙarƙashin bishiya ko ƙarƙashin rufin baranda ba za ta yi caji ba, sai dai irin wadda farantinta yake daban da doguwar waya, a kai shi saman rufi. A riƙa goge ƙura daga farantin, don ƙura tana rage caji sosai. Batir shi ne yake fara mutuwa, saboda haka ki nemi wadda ake iya buɗewa a canza mata, kuma mai batir irin LiFePO4 ta fi daɗewa da jure zafi. Kada ki ruɗu da manyan lambobin wat da ake bugawa a kwali, sau da yawa ba su dace da girman farantin da batirin da ke ciki ba. Amma matakalar surukarki ban ba ki shawarar ki dogara da 'yar ƙaramar sola ba. Ranar da hadari ya rufe rana, ƙarfe biyun dare za ta mutu. Wannan a ɗora ta kan inbata.

Mai Wayarin:
Tsoronki yana kan hanya, Hajiya, ruwa da wuta ba a wasa da su. Duk fitilar waje ki duba lambar IP a jikinta. Lamba ta farko kariya ce daga ƙura, ta biyu daga ruwa. IP44 ta isa inda rufi ya kare, kamar cikin baranda. Wadda ruwan sama zai daka kai tsaye, IP65. Wadda za a binne a ƙasa ko inda ruwa yake kwanciya, IP67. Soket ɗin waje ma mai murfi ne, a ɗaga shi sama da ƙasa. Layin waje gaba ɗaya a sa masa birekarsa daban, da RCD mai miliamfiya 30, wadda take yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum ko ta ruwa. Duk fitila mai jikin ƙarfe a haɗa mata wayar atin, wato wadda take kai wuta cikin ƙasa idan ta bi jikin ƙarfen. Kada ki yarda a yi haɗin waya da salatif a binne, a yi shi cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, inda za a iya buɗewa a duba.

Gindin bishiyar kuwa, mafi kwanciyar hankali a kai masa wuta mai bolt 12. Ana sa ƙaramar taransifoma a busasshen wuri jikin gini, ita take rage wutar, ko yaro ya taɓa ba ta da haɗari irin na wutar gida. Abin lura kawai, bolt 12 yana raguwa idan waya ta yi tsawo, fitilar ƙarshe sai ta dushe, don haka a sa waya mai kauri kuma taransifomar kada ta yi nisa. A rataya fitila ɗaya ko biyu a reshe suna kallon ƙasa, a ɗaura da maɗauri mai sassauci, kada a naɗe waya tamau a jikin reshen, don bishiya tana ƙara kauri, za ta haɗiye ta.

Uwar Biyu:
Malam, tambaya ta ƙarshe. Fitilar wurin motar idan aka kafa ta a saman gini, tagar maƙwabta tana daidai wurin. Yaya za a yi kada mu shiga haƙƙinsu?

Mai Wayarin:
A sauko da ita ƙasa da tsayin katanga idan zai yiwu, ko a saya mai hula wadda ba ta zubar da haske sama da gefe. A sunkuyar da kanta sosai ta kalli motar. Daren da aka kafa ta, maigida ya shiga wurin maƙwabcin ya tsaya daidai tagar ya duba. Idan yana hango ƙwan kansa daga can, a ƙara sunkuyar da ita har sai ya daina gani. Lokacin mai jin motsin kuma a saita shi minti ɗaya ko biyu, ya isa a fito daga mota a kai baranda.