Waɗanda suka koma laftof mai ARM, me ya yi aiki me ya ƙi?

Abba Ɗorayi:
Salamu alaikum jama'a. Laftof ɗina mai Intel ya gaji, batir baya riƙe caji kwata-kwata, ina so in ɗauki MacBook Air mai M2 ko irin na Windows ɗin nan masu Snapdragon X da suka fito a 2024, amma ana ta ce min wai ba kowace manhaja ke tashi a kansu ba, tunda furosesarsu, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta tsarin ARM ce ba irin ta Intel ba. Don Allah wanda ya riga ya sauya ya ba mu labari.

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam Malam Abba. Ni M1 nake riƙe da shi, na farkon da suka fitar ƙarshen 2020. In ka buɗe manhajar da aka yi wa Intel zai ce ka sauke Rosetta 2, kana saukewa shikenan ita ke fassara komai a ɓoye ba ma za ka lura ba, kuma su Word, Excel, Chrome, Zoom duk sun daɗe da fitar da nasu na ARM. In kana son sanin wacce ke tafiya ta Rosetta ka buɗe Activity Monitor ka duba layin Kind, za ka ga Apple ko Intel. Sai dai fa babu Boot Camp (hanyar ɗora Windows kai tsaye a kan Mac) a kansu, to in aikinka na Revit ne ko ArcGIS Pro da Windows kaɗai suke yi, sai ka bi ta Parallels, manhajar da ke tafiyar da Windows a cikin Mac, ka sa Windows 11 ta ARM, shi ma kuɗi ne da dala.

Sani Filashin:
Yallabai tsaya ka ji nawa. Gyaran waya nake a Farm Centre, wani yaro ya kawo min mai Snapdragon in gwada, wallahi na'ura ce mai kyau ba zafi ba ƙara, manhajar filashin ta buɗe lafiya lau saboda Prism, mai fassara na Windows, na fassara ta, amma na jona waya shiru, na jona dongul shiru, sai alamar nan mai ruwan ɗorawa a Device Manager. Abin shi ne direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane kayan da aka jona mata, ba a fassara shi, dole kamfanin da ya yi kayan ya rubuta na ARM64 da kansa, kuma masu akwatunan da muke amfani da su ba su yi ba. Tsohuwar Core i5 ɗita na nan kan benci, ita ke ciyar da gida.

Ummi Zariya:
Gaskiya ne. Tsohuwar firintar shagonmu haka ta yi, sabuwar mai wayafai kuma ta kama nan take.

MC Sabon Gari:
Mu 'yan situdiyo filogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa babbar manhaja, su ne ciwon kanmu. Manhajar haɗa kiɗan tana da na ARM amma tsofaffin filogin na Intel ne, to a Mac ɗina sai na je Get Info na danna Open using Rosetta, duk manhajar ta koma ta hanyar fassara saboda su, sai saurin da ka biya kuɗi dominsa ya ragu. Masu 32-bit kam kar a ɗora wa ARM laifi, tun macOS Catalina a 2019 suka daina aiki.

Nura Kod:
Masu rubuta manhaja da ke amfani da Docker a kula, abin da ka gina a kan M1 na arm64 ne, kana tura shi kan saba (server) mai Intel zai watso maka exec format error, ka riƙa sa --platform linux/amd64 wajen gini. Homebrew ma, wanda ake sauke kayan aiki da shi a Mac, wurin zamansa ya koma /opt/homebrew. Sannan Yaya Abba ka sani a Yunin 2025 Apple sun ce macOS 26 ce ta ƙarshe ga masu Intel, Rosetta 2 kuma cikakkiyarta iyakarta macOS 27, don haka duk manhajar da har yanzu Intel take nunawa a tambayi masu ita.

Abba Ɗorayi:
Na gode ƙwarai. Ni dai Office ne da Photoshop sai sikana ɗaya tsohuwa.

Sani Filashin:
Biyun farko ba matsala. Sikanar ka ɗauke ta ka je da ita shagon, a jona a gabanka kafin ka tura kuɗi.