Wai wannan jahilci ne ko hali?

Mai Tambaya: Jama'a, raina a ɓace yake. Yayana ya kafe cewa babu wanda ya taɓa taka duniyar wata, wai fim Amurka ta haɗa. Na nuna masa hotuna, na ce mutum 12 suka sauka can tsakanin 1969 da 1972, ko gezau. Me ke sa mutum ya rungumi irin wannan jahilci?

Uwar Gida: Yayanka kake kira jahili a bainar jama'a? Gyara harshenka, ƙanena.

Ɗan Kimiyya: Hajiya, ban da ladabi ma, kalmar ba ta hau ba. Linus Pauling, wani masanin kimiyya ɗan Amurka, ya ci kyautar Nobel sau biyu, amma har ya mutu yana kan bakansa cewa shan bitamin C da yawa na yaƙar cutar daji, alhali gwaje-gwajen asibiti ba su tabbatar ba. Shi ma jahili ne? Hali ne. Wani dama can bai yarda da hukuma ba, duk abin da ta faɗa sai ya juya shi. Wani kuma daɗinsa a ce shi kaɗai ya gano abin da aka ɓoye wa kowa. Mai kaifin basira ma ya fi iya ƙago hujjar kare kansa.

Baban Yara: A 1847 wani likita mai suna Semmelweis ya ce likitocin Biyana, babban birnin Austiriya, su riƙa wanke hannu kafin karɓar haihuwa, aka yi masa caa. Su wa suka zama jahilan?

Mai Tambaya: Malam, wato Yayana ne Semmelweis ɗin?

Ɗan Kimiyya: Semmelweis yana da lissafi a hannu, matan da ke mutuwa a ɗakin haihuwar da yake aiki sun ragu ƙwarai. Ina lissafin Yayan Mai Tambaya?

Baban Yara: Ku dai duk wanda bai bi layinku ba jahili ne.

Ɗan Kimiyya: Ni fa na ce ba jahili ba ne! Karanta kafin ka yi martani.

Uwar Gida: Kai ma kullum sai jero sunayen Turawa, kamar babu mai hankali sai su. Haka ka yi mana rannan.

Ɗan Kimiyya: Rannan ke kika fara, Hajiya.

Shugabar Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, Hajiya ce ta kama bakin zaren, matsalar rashin girmama na gaba ce. Baban Yara ya kawo hujja mai ƙarfi da ba a iya rusawa ba. Mai Tambaya ya goge kalmar nan ya ba Yayansa haƙuri. Na rufe maganar, wanda ya sake tado ta zan cire shi.