Ina zan kai koke ba tare da sunan ƙanina ya fita ba?

Assalamu alaikum. Ƙanina mai sikila ne, kuma ɗan daudu. A wani asibitin gwamnati a Bauchi, mai ba da kati kullum sai ya mayar da katinsa ƙarshe, yana tsine masa a gaban jama'a, wai sai ya tuba. Ciwon ƙashi na cinsa, yana benci har azahar.

Na yi wa babbar nas magana, ta ce mu yi haƙuri. Na rubuta takardar koke, sai ga ta a hannun mutumin, wulaƙancin ya ƙaru. Yanzu ƙanina ya daina zuwa, maganinsa ya ƙare.

Muna tsoron koken ya juyo kansa. Shin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar koke ta ɓoye sunan majinyaci?